Naira 25,000 da ta hana ni zubar da kuɗin cittar Mama

Jama'a ku yi haƙuri, rubutun yau yana da tsawo. Tun da labarin nan ya zaga ajinmu kowa ya gan ni sai ya tambaya yadda aka yi, na gaji da maimaitawa, gara in rubuta sau ɗaya. Musamman ku da kuka fara tara kuɗin mota, ku daure ku karanta har ƙarshe.

Waɗanda suka san ni sun san daga Fadan Kagoma nake zuwa lacca Kafanchan. Digiri na biyu nake yi a fannin tattalin arzikin noma, bincikena kuma a kan manoman citta ne bayan cutar da ta ruɓar da gonaki a damunar 2023. Aikin sai da yawo, ƙauyukan Jaba da Kachia da Kagarko, da jakar takardun tambayoyi a baya. Shekara guda ina yin wannan a kan babur. Ranar da zan gabatar da tsarin bincikena a gaban malamai, ruwa ya tare ni a hanya, na shiga ɗakin wandona jiƙe da jar laka har gwiwa. Wani malami ya ce cikin wasa, "To, wannan kam ya je gona da gaske." Aka yi dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Ba don kunya kaɗai nake son mota ba. Mama na fama da hawan jini, kowane wata sai an kai ta asibiti Kafanchan, kuma sau biyu jikinta ya tashi da dare muka rasa abin hawa. Shi ya sa muka yi shawara a gida. Tana da busasshiyar citta da ta ɓoye tun kafin cutar, da farashi ya tashi ta sayar ta ba ni kuɗin. Na ci bashi a ƙungiyar adashin makarantar da nake koyarwa, yayata da ke Abuja ta ƙara nata. Gaba ɗaya naira miliyan 7 da rabi. Ban taɓa ganin kuɗi irin wannan a asusuna ba, kuma mafi yawansu guminta ne.

Sai ga mota a sitatus ɗin WhatsApp na wani abokina ɗan ajinmu. Yayansa ne ke kawo motoci daga Legas. Corolla ce ruwan toka, an ce ta 2012, tokumbo sabuwar sauka, ba a ko yi mata lamba ba. Da yamma aka kawo ta bakin kampus. Wallahi ta yi kyau. Fenti na sheƙi, ciki na ƙamshi, na'urar sanyi kamar firji, injin kuma sai ka kasa kunne kafin ka ji yana aiki. 'Yan ajinmu suka kewaye ta, wani har ya fara kirana "Oga". Kuɗin da aka faɗa ya yi ƙasa sosai da yadda ake sayar da irinta a Kaduna, ni kuwa maimakon in tambayi dalili sai na ɗauka sa'a ce. Yayan ya ce wani daga Jos zai zo da kuɗi jibi, idan ina so in ajiye wani abu. A tsaye a wurin na tura masa naira 300,000 kafin alƙalami.

Da na koma gida ina nuna wa Mama hotuna, tambaya ɗaya ta yi min da yarenmu: wa ya duba maka ita? Na ce na duba da kaina, kuma mai motar yayan abokina ne. Ta ce ita ko buhun citta za ta saya sai ta zura hannu har ƙasa, don masu kyau a sama ake jerawa. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba. Daren nan ban yi barcin kirki ba.

Washegari na tafi garejin wani dattijon bakanike a Kafanchan, wanda ya koyi aiki a Panteka ta Kaduna tun ban san hannun damana ba. Kowa Baba yake ce masa. Ya ce zai duba a kan naira 25,000, amma da sharaɗi biyu. A kawo motar ta kwana a garejinsa don shi zai fara tayar da ita da safe, kuma mai motar ya tsaya gefe, kada ya sa baki. Da na faɗa wa yayan abokina sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Haba ƙanena, ba ka yarda da ni ba ne? Ina da bakanikena, bari in kira shi ya duba maka kyauta." Kunya ta kama ni sosai, kaɗan ya rage in ce a bar maganar. Abin da ya riƙe ni tunanin buhunan Mama ne. Na ce, "Yaya, ba rashin yarda ba ne, kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai." Da ƙyar ya amince.

Ƙarfe 7 na safe muna gareji. Baba ya fara ɗora tafin hannu a kan bonet ya tabbatar da sanyi, ya ce injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye hayaƙi da ƙara. Ya murɗa makulli rabi bai tayar ba, ya ce, "Malam, zo ka ƙirga fitilun nan." Ashe idan ka murɗa makulli haka, dole duk fitilun gargaɗi na dashbod su kama, sannan su mutu bayan ɗan lokaci ko bayan injin ya tashi. Ta batir ta kama, ta baƙin mai ta kama, ta injin ta kama. Ta iyabag, wato jakar iskar da ke fitowa lokacin haɗari, ba ta kama ba sam. Baba ya ce fitilar da ba ta kama ko kaɗan ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, don yawanci wani ne ya cire ta ko ya rufe ta don kada ta tona asiri.

Ya tayar da mota. Gaskiya injin lafiyarsa ƙalau, Baba da kansa ya faɗa. Ya buɗe murfin baƙin mai, babu farin kumfa mai kama da madara da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Man giya ja ne, ba ya warin ƙuna. Ya shiga ƙarƙashi ya duba salansa, abin nan da bakanikai ke ce wa indomi yana nan ba a kwashe ba (ana sace shi ne saboda ƙarafa masu tsada da ke ciki, irin su filatinam). Ya bi bodi da mayen ƙarfe a cikin tsumma, ko'ina ya kama, alamar ba a cike wani wuri da fila ba. Har na fara murmushi ina kallon yayan abokina.

Sai Baba ya buɗe ƙofar baya ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa. A can ƙarshen, ɓangaren da kullum ke naɗe a ciki, akwai tabo ruwan ƙasa da layi a miƙe, kamar yadda ambaliya ke barin alama a bangon ɗaki. Ya tura kujerar gaba baya, kusoshin da ke riƙe da ita duk tsatsa. Ya ɗaga kafet ta gefen direba ya taɓa soson da ke ƙasa, ya miƙo min yatsa in shaƙa. Wari ne irin na ɗakin da ya daɗe a rufe da damuna, wanda turaren nan mai ƙarfi ya danne. Ya buɗe but ya ciro safaya, a ramin akwai busasshen yashi fari mai laushi. Ya cire wani soket na waya a ƙarƙashin kujera, bakin ƙarfen ya yi kore.

Ya ce, "Malam, motar nan ta yi iyo."

Yayan abokina ya ce ai ruwan wankin mota ne. Baba bai tanka masa ba. Ya kira yaronsa ya kawo kwamfutar gwaji, ya soka a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan ramin. Ɓangaren injin bai nuna laifi ba, amma na'urar ta nuna ba a daɗe da goge bayanan ba, don gwaje-gwajen da mota ke yi wa kanta yayin tafiya ba su kammala ba. Ɓangaren iyabag kuwa ya ƙi amsa kwamfutar gaba ɗaya.

Saura aikina na ɗan boko. Kowace irin motar nan tana da lambar shasi da ake kira VIN, haruffa da lambobi 17, a gindin gilashin gaba ta gefen direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Dole su zama iri ɗaya da wadda ke takardar kwastan. Wannan takardar ba wasa ba ce, don har yanzu muna cewa 'yar Kwatano, alhali tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, kuma motar da ba a biya mata haraji daidai ba ana iya kama ta a hanya ko ta shekara a hannunka. A nan lambobin sun dace. Amma a motocin Amurka, alama ta 10 a jerin ita ke faɗin shekarar mota. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce 1 zuwa 9, 2010 ta zama A, 2011 B, 2012 C. Na ƙirga sau uku da yatsa. 9 ce. Motar 2009 ce aka canza wa fitilu da bamba ta koma kamannin 2012.

A wurin na biya ta waya aka ciro min rahoton tarihinta da lambar. Daga jihar Florida ta fito. Kamfanin inshora ya rubuta ta a matsayin motar da ruwa ya ci a ƙarshen 2024, aka yi gwanjonta. Duk mai bin labarai ya san guguwar Helene ta afka wa Florida a Satumban 2024, Milton ta biyo baya a Oktoba. Baba ya yi min bayanin da ba zan manta ba. Ya ce ruwan gishiri ba ya kashe mota rana ɗaya. Yana zama a cikin soket da wayoyi yana ci a hankali. Yau gilashi ya ƙi sauka, wata mai zuwa giya ta fara fizga, wata rana kana tsakiyar hanyar Kwoi da dare mota ta mutu, ka canza wannan ka canza wancan, mai wayarin ya zama abokinka na dole. Kuma ranar da aka yi karo, jakar iskar ba lallai ta fito ba. Da ya faɗi haka, Mama na hango a kujerar gaba.

Na ce ba zan saya ba. Nan rigima ta tashi. Yayan ya ce shi ma haka aka sayar masa a Legas, bai sani ba, kuma kafin alƙalami ba ya dawowa. Ko ya sani ko bai sani ba, Allah ne masani, ni ban rubuta wannan don in ɓata sunan kowa ba. Sai da kawuna ya sa baki aka zauna sau biyu kafin ya dawo min da 200,000. Sauran 100,000 sun tafi, laifina ne, ni na yi cinikin biri a sama. Abokina kuma ya daina gaishe ni. A aji ɗaya muke, malami ɗaya ke duba aikinmu, mu zauna a benci ɗaya muna jiran sa kowa na kallon wayarsa.

Abin da ya fi min wuya ya zo bayan mako biyu. Wata 'yar ajinmu ta same ni a laburare ta ce mijinta na son motar nan, ta ji na fasa, me ya faru? Na san idan na faɗa, tsakanina da abokina ya ƙare ke nan. Na yi shiru na ɗan lokaci, har na fara cewa kuɗina ne bai kai ba. Sai na tuna tana da yara biyu da take kaiwa makaranta. Na tura mata rahoton da hotunan bel da ramin safaya, na ce ta nuna wa mijinta su yanke shawara da kansu. Ba su saya ba. Abokina ya ji, ya aiko min da saƙo mai zafi, ban amsa ba. Har yau abin na damuna, don shi bai yi min komai ba, ɗan'uwansa yake karewa. Amma da za a sake, haka zan sake yi.

Abin da ke ba ni mamaki da kaina shi ne, a aji idan ka kawo adadi ɗaya ba ka faɗi inda ka samo shi ba, malamai za su tsayar da kai a gaban kowa. Ni da nake tambayar manomi sau uku buhu nawa ya girbe don in tabbatar, na kusa miƙa miliyan 7 da rabi saboda fenti da ƙamshi da kuma wani ya kira ni Oga. Mama da ba ta gama firamare ba ita ta tuna min a zura hannu har ƙasan buhu.

Don haka ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan lokacinka ya zo, kada ka tura ko sisi kafin a duba. Ka nemo bakanikenka da kai za ka biya, ba na mai mota ba, ba wanda dillali ya kawo ba. A tayar da ita da sanyin safe, a sa mata kwamfuta, a ɗaga kafet, a shiga ƙarƙashi, a hau titi da ita. Ka karɓi VIN tun a waya ka binciki tarihinta kafin ka kashe kuɗin mota zuwa ganinta, ka kuma tabbatar da takardar kwastan a ofishinsu. Wanda ya ce wani na zuwa da kuɗi gobe, ka ce Allah ya sa alheri. Wanda ya hana a duba kuwa, ya riga ya faɗa maka abin da kake son sani.

Ni dai har yanzu ina kan babur, ranar Laraba ma ruwa ya sake dukana wajen Kwoi. Kuɗin Mama na nan a banki, ban da 100,000 ɗin da na yi alƙawarin cike mata daga albashina. Akwai wata tsohuwar mota ta wani ma'aikaci mai ritaya a Kafanchan, fentinta ya koɗe, ba wanda zai kira ni Oga a cikinta. Ranar Asabar za ta kwana a garejin Baba, na riga na ware masa 25,000 ɗinsa.