Ɗan abin da ke tsakanin ƙafa da inji

A damanar 2019, tsakanin Gazawa da Tasawa, na fito in wuce wata babbar motar albasa. Na taka totur, motata ta yi shiru kamar mai tunani, ga wata kuwa tana tahowa gabana. Da ƙyar na koma hannuna, gwiwoyina suna rawa.

Bakanike na farko ya canza buji, na biyu ya canza famfon mai, jika arba'in suka tafi a banza. Sai wani yaro a Damagaram ya ɗauko mita ya ce: «Baba, kapter ɗin papiyo ne ya cinye.»

Ga abin da na koya wurinsa, ya mai karatu. A bakin inji akwai ɗan ƙyaure da ke buɗe wa iska hanya in an taka totur. A gindinsa ake ɗaura wannan ɗan abu, wanda bai fi kwalin ashana ba. Ƙwaƙwalwar mota tana aika masa volt 5. In ƙyauren yana rufe, ya mayar mata da kamar rabin volt. In ya buɗe sarai, kamar 4,5. Ba buɗewar kaɗai take dubawa ba, har da saurinta: wanda ya taka da gaggawa, nan take sai ta ƙara masa mai, don kada iska ta rinjayi mai, injin ya shaƙe.

A motocin tsere na Turai, inda sau da yawa kowace silinda ke da nata ƙyaure, da wannan labari da juyin inji ake auna man. Kuskure kaɗan ya isa direba ya ji shi cikin kwana. Motocin da waya ta maye igiyar totur kuwa, kapter biyu ake sa musu. In suka saɓa, ƙwaƙwalwa ta rage ƙarfin motar.

Nawa tsohon yayi ne: ɗan harshen ƙarfe ne ke gogar layin gawayi. Yaron ya juya ƙyauren sannu a hankali, lambar tana hawa, sai ta faɗi ƙasa a wuri guda, ta sake tashi. Wurin nan shi ne inda ƙafa ta fi zama a doguwar tafiya. Ƙafata ce ta cinye shi, da ta Baturen da ya riga ni, tun motar ba ta sauka Kwatano ba.

Minti ashirin ya ɗauka ya canza shi. Har yanzu in zan wuce babbar mota, sai na ɗan taɓa totur na ji ta amsa tukuna.