Wasiƙar Malami da Ƙofar Kulliyar Soja

Idan sakamakon jarrabawar sakandare ya fito, ɗalibaina na nan Gadarif masu burin shiga Kulliyar Soja ta Wadi Sayyidna, kusa da Omdurman, sukan zo neman wasiƙa. Nakan gaya musu gaskiya: wasiƙa ba ta ƙara wa yaro tsawo, ba ta ci masa gwajin likita.

Amma ga ɗan Bahaushe tana da nauyi. Kakanninmu da yawa sun iso ƙasar nan a hanyar Makka bayan yaƙin Burmi na 1903, alhali dokar jinsiya ta 1957 ta nemi zaman kakanni tun 1897. Shi ya sa aka daɗe ana tambayar yaranmu asali kafin a tambaye su ilimi. Wasiƙar malami ko ta omda cewa take: mun san shi, mun san ubansa da gonarsu ta dawa.

Yaron da aka yi wa wannan shaida yakan tsaya gaban kwamiti babu ɗar. Saboda haka, 'yan'uwana malamai, kada mu yi rowar alƙalami, kada kuma mu shaidi wanda ba mu sani ba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.