Abin da Tsofaffin Asake Huɗu Suka Koya wa Hannuna

A shekarata ta biyu a birnin New York wuyana ya lalace. Ƙuraje ne ƙanana masu baƙin kai, sun jeru daga ƙarƙashin haɓa har maƙogwaro, kwalar riga na gugar su sai in ji kamar an zuba mini barkono. Ina da gemu, amma nakan gyara kumatu da wuya, musamman ranar Juma'a da safe. A Zariya wannan ba aikina ba ne. Wanzamin unguwarmu ke zuwa da zabirarsa, ya jiƙa wurin, ya wasa aska a fata, kafin a gama gaisawa ya gama. Da na zo inda babu shi, sai na shiga kanti na sayi abin da kowa ke saya, abin askin roba mai reza uku a jere, daga baya na koma mai biyar. Ina ƙara yawan reza, ƙurajen na ƙaruwa.

Wani dattijo ɗan Zongon Kumasi, wanda muke haɗuwa a masallacin Juma'a a Bronx, shi ya fara lura. Bayan an sallame ya riƙe hannuna, ya dubi wuyan, ya ce, "Ɗana, da me kake aski?" Na faɗa masa. Ya ce, "Gashinmu ba ya son taron reza. Ɗaya ta ishe shi." Na ce, "Baba, ai ban iya riƙe askar wanzamai ba." Ya ce ba ita yake nufi ba, in jira mako mai zuwa.

Gaskiyarsa ce, kuma dalilin ba boyayye ba ne. In reza ta yi yawa a jere, ta gaba takan ɗan jawo gashin, ta baya ta datse shi kafin ya koma, sai tushen ya faɗa ƙasa da fata. Mai miƙaƙƙen gashi ba ruwansa. Namu murɗaɗɗe ne, in ya tashi fitowa sai ya lanƙwashe ya soki fata daga ciki, wurin ya kumbura.

Juma'ar da ta zagayo ya kawo mini wani ɗan ƙarfe a ƙulle cikin hankici. Tagulla ce da aka shafe da farin ƙarfe, shafen ya ɗan goge a mariƙi inda yatsu ke zama. Kanta mai faɗi ne, da murfi da ake ɗagawa da babban yatsa. An rubuta Ever-Ready a jiki, da shekarar 1912. Na ɗauka shekarar da aka ƙera ta ke nan, ashe shekarar da aka yi wa fasalin rajista ce, an kuma yi shekaru da dama ana ƙera ta a haka, wani lokaci da sunan Gem, wani lokaci Ever-Ready ko Star. Duk gida ɗaya ne, kamfanin American Safety Razor da a wancan lokacin yake Brooklyn, tafiyar jirgin ƙasa ɗaya daga inda nake zaune. Asalin irin wannan aska ma daga birnin ne: wasu 'yan'uwa da ake kira Kampfe suka yi rajistar askar Star a 1880, shekara ashirin da huɗu kafin King Gillette ya sami tasa rajistar ta reza mai baki biyu a 1904. Wadda muka taso muka gani a teburin mai shago, siririyar nan da ake karyawa gida biyu, ƙanwa ce. Mai baki ɗaya ce yayar.

Rezar da ke shiga cikinta baki ɗaya gare ta, bayanta kuma an naɗe shi da ƙarfe ya zama ƙashin baya. Kaurinta ya ninka na mai baki biyu, don haka ba ta lanƙwasa, ba ta rawa in ta haɗu da gashi mai tauri. A nan na yi kuskuren farko. Na ga reza mai wannan siffa sak a shagon kayan gini, kwali guda da arha, na saya. Ta shiga daidai, murfi ya rufe. Jan farko na ji kamar ana tuge mini gashi da hantsaki. Ashe ta kankare fenti ce daga gilashi, siffa ɗaya da ta aski, washi daban. Ta aski ana yi mata washi mai laushi, a shafa mata abin da ke sa ta sulɓi a kan fata. Tun ranar ba na sayen reza sai na karanta abin da aka yi ta dominsa.

Kuskure na biyu na riƙo ne. Abin askin roba ya saba mini da dannawa, domin kansa na juyawa da kansa, komai ka yi zai bi. Wannan ba ta bin kowa. Baba ya nuna mini a bayan hannunsa: a kwantar da murfin a kan fata, a ɗaga shi kaɗan ƙwarai, a ja gajere-gajere bin kwanciyar gashi, kada a danna ko kaɗan. Ya ce, "In ka yi daidai za ta gaya maka." Da na gwada na gane nufinsa. Kan askar rami ne a ciki, yana amsa sauti, in reza na cin gashi yadda ya kamata sai ka ji ƙarar-ƙarar kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. In sautin ya ɗauke, ka kwantar da ita da yawa, ba ta yankan komai. In ya koma gurza, ka ɗaga ta da yawa, fata take ci. Na koyi aski da kunne kafin in koya da ido. Cikin wata biyu wuyana ya washe, sai tabo, shi ma ya bi baya a hankali.

Daga nan sha'awa ta shiga. Na riƙa leƙa kasuwannin tsofaffin kaya na ƙarshen mako, inda ake zube su cikin kwali tare da tsofaffin makullai da cokula. Kowace na saya sai na wanke ta da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in jiƙa ta a sifirit, in sa sabuwar reza. Aska tsohuwa ba laifi, reza kuwa ba a gadon ta.

Ta biyu ita ce Gem Micromatic mai haƙora, ta farkon shekarun 1930. Ƙira ce da har yau nake jinjina wa wanda ya zauna ya tsara ta. Ba a ɗaga murfinta da yatsa. Gindin mariƙin ake murɗawa, murfi ya buɗe, ka ɗora reza, ka murɗa baya, sai ka ga murfin ya sauko, rezar kuma ta matsa gaba da kanta har ta tokari 'yan ƙusoshi biyu da ke gefe. Kullum a wuri ɗaya take tsayawa. Ta fi ta 1912 nauyi, bakin rezar kuma ya fi fitowa. Ranar farko ta yanke ni wuri uku a ƙarƙashin muƙamuƙi, na goga alif, na jefa ta cikin aljihun tebur da niyyar mun rabu. Na ba Baba labari, na ce wannan muguwa ce. Ya ce, "Sau nawa ka yi aski da ita?" Na ce sau ɗaya. Ya ce, "Ɗana, ko amarya ba a yi mata hukunci da girkin farko. Nauyinta ya isa, kai kuma ka ƙara mata naka."

Maganar nan ce ta sauya yadda nake gwada su. Na tsayar wa kaina ƙa'ida: kowace aska wata guda cur, sabulu ɗaya, buroshi ɗaya, ba na taɓa wata a tsakani. Makon farko hannu yana nan da ɗabi'ar askar da ta gabata, duk abin da ka ji a lokacin ba shaida ba ne. Sai a mako na uku take nuna halinta. Micromatic da na kira muguwa, da na sassauta riƙo na bar nauyinta ya yi aikin, sai ta zama wadda ba ta da na biyu in gashi ya kwana huɗu ko biyar. Haƙoranta na tsefe gashin su miƙa shi ga reza, kumfa na wucewa ba ta toshewa, ja ɗaya ya wadatar. Ita nake ɗauka in zan aske kai. Amma a wuya, inda fata ta taɓa ciwo, ban yarda da ita ba har yau. Tana yi ƙwal fiye da yadda murɗaɗɗen gashi ke so, kuma na riga na san inda ƙwal ɗin nan ke kai ni. A can ta 1912 ce, wadda ke barin ɗan tushe da ido ba ya gani amma yatsa na ji.

Ta uku daga wani gida ta fito. Jacob Schick tsohon hafsan sojan Amurka ne, ya ɗauko dabarar bindiga mai ɗura harsashi ya sa a aska: a 1926 ya fitar da wadda rezoji ke jere cikin mariƙinta. A 1935 aka fito da Schick Injector, wadda rezojinta ke cikin wani ɗan akwati mai harshe. Ka zura harshen a gefen kan askar, ka tura, sabuwa ta shiga ta kori tsohuwa, yatsanka bai taɓa kaifi ba. Tawa mai mariƙi ruwan zuma ce, ba nauyi, kanta siriri. Ba ta da sautin 'yan Brooklyn, shiru take aiki, wannan ya sa na daɗe ban saki jiki da ita ba. Amma wajen fitar da layin saje da gefen gashin baki, inda faffaɗan kan Gem ke rufe maka gani, babu kamarta. Mai gemu da ke son layi ya fita tsaf, ita zan nuna masa.

Ta huɗu, Valet AutoStrop, ita ta fi su kyau a ido, ita kuma na fi ƙarancin amfani da ita. Ana zura fata ta cikin kanta, a ja ta gaba da baya, rezar na juyawa da kanta tana wasuwa. Kamfanin ya haɗe da Gillette a 1930. Matsalar ita ce rezarta ta daban ce, ta Gem ba ta zama, sai wata da kamfanin Feather na Japan ke yi, ita ma ba ko'ina ake samu ba. Na saye ta ban tambayi abin da take ci ba, ta yi wata uku a ajiye kafin in ji bakinta.

Da na je gida hutu na tafi da su huɗun a jaka. Wanzaminmu ya tsufa, ɗansa ke yawon aski yanzu, amma da ya ji na zo ya ce shi zai yi mini da kansa. Na baje su a tabarma. Ya ɗauki Valet, na nuna masa yadda fata ke shiga, ya ja sau biyu, ya ga reza na kifawa tana tashi, ya ce, "Ikon Allah, su ma sun san fata." Micromatic ya auna a tafin hannu ya ce ta yi wa yaro nauyi. Sannan ya mayar da su gefe, ya buɗe zabira, ya jiƙa mini wuya da ruwan ɗumi. Shekara da shekaru yana yi mini aski ban taɓa kallon hannunsa ba, ranar na riƙe ɗan madubi ina kallo. Askar a kwance take, bayanta ya kusa taɓa fata, yatsu uku ne kawai a kanta, yana ja gajere-gajere bin kwanciyar gashi, ya ɗan karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Alhaji ƙarami, ajiye madubin nan ka ɗaga haɓa."