Ba Bob ne sunansa ba

Ɗan'uwa mai karatu, in kana cikin waɗanda suka iso Amurka da gemunsu, na san ra'ayinka game da wasan besbol, don ni ma shi na riƙe shekara da shekaru. Mutum tara su watsu a fili kamar masu jiran mota, ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya kai mata duka da gora, sau da yawa ma ya kuskure. Mu da muka tashi muna buga tamaula a layi ba takalmi, me za mu kalla a nan? Na daɗe a Pittsburgh, kusan kullum ina wuce filin ƙungiyar Pirates a hanyar aiki, amma ko sau ɗaya ban taɓa leƙawa ba. Rigimar cikin gida ce ta kai ni.

Yaron wajena, ɗan fari, ba sai na faɗa maka dalilin da ba zan rubuta sunansa ba. Sunan mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, shi ya sa Abba muke ce masa. Yana shekara goma sha ɗaya ya shiga ƙungiyar besbol ta yaran unguwa. Ranar da ya kawo mini takarda in sa hannu, sai na ga a gurbin suna ya rubuta wani guntun suna na Turawa. Na yi faɗa, na yi faɗa, har uwarsa ta fito daga kicin. Ya bari sai da na gama, sannan ya ce, "Baba, kai fa wane suna ne a katin da kake rataya a wurin aiki?"

Wallahi bakina ya mutu. Harufa uku ne a katin. Tun makon farko wani shugaba ya ce sunana ya yi masa tsawo, ya datse shi, ni kuma na yi dariya don ina neman abinci. Yaron ya ƙara da cewa, "Kuma ko a gida ban taɓa jin ka kira ni da shi ba." Ta ina zan fara yi masa bayanin alkunya, in nuna masa rashin faɗin nawa girmamawa ce?

Maƙwabcinmu wani tsoho ne da ya yi ritaya daga masana'antar ƙarfe. Da na ba shi labari a bakin ƙofa, bai ce komai ba ya shiga ciki, ya fito da wani tsohon katin hoton ɗan wasa a cikin leda. An rubuta Bob Clemente. Ya ce in kai yaron fili ranar Asabar, shi ma zai zo, amma mu isa da wuri don a waje za mu fara.

Mutum-mutumi huɗu ne kewaye da filin, kowanne da tarihinsa, tsohon kuma ya haddace su kamar zuriyar gidansu. Na farko Honus Wagner, ɗan baƙin da suka zo daga Jamus, wanda ya shiga ramin haƙar kwal tun yana yaro. Ya buga wa Pirates daga 1900 zuwa 1917, sau takwas yana zama gwanin duka na rukuninsu. Katin hotonsa guda ɗaya an sayar da shi sama da dala miliyan 6 a 2021. Abba ya zaro ido, ni kuma na shiga lissafin filaye nawa ke nan a gida.

Na biyu Bill Mazeroski, shi ma ɗan mahaƙin kwal. Shekara 17 ya yi a ƙungiyar, gwanintarsa kuma a tare ƙwallo take, har ya ci kyautar safar hannun zinariya sau takwas. Amma da duka ɗaya duniya ta san shi. Ranar 13 ga Oktoba 1960, a karawa ta bakwai ta World Series, wato gasar fitar da zakaran shekara, ana kunnen doki da Yankees ta New York a zagayen ƙarshe, ya daki ƙwallo ta tsallake katanga, aka tashi 10 da 9. An rushe wancan tsohon filin, Forbes Field, amma an bar wani ɓangaren katangar a harabar jami'ar Pittsburgh, kuma duk 13 ga Oktoba mutane kan taru a gindinta su saurari sharhin wasan daga farko har ƙarshe. Ka ji fa. Shekara 17 ta aiki, dare ɗaya... a'a, daƙiƙa ɗaya aka riƙe.

Na uku Willie Stargell, wanda 'yan wasa ke kira Pops, kamar dai mu ce Baba. Daga 1962 zuwa 1982 bai sa rigar kowa ba sai ta Pirates, ya fitar da ƙwallo bayan katanga sau 475. A 1979, yana da shekara 39, ya ja ƙungiyar ta ci kofi, yana raba wa yaransa 'yan taurari su liƙa a hula duk wanda ya yi abin kirki. Ya rasu ranar 9 ga Afrilu 2001, ranar da Pirates suka buga wasan buɗe kaka a wannan sabon filin. Tun daga 1979 ɗin nan kuwa ba su sake ɗaga kofin ba. Har shekara 20 a jere suka yi, 1993 zuwa 2012, kullum rashin nasara ya fi nasara yawa. Tsohon ya faɗi wannan yana murmushi irin na wanda ya saba da ciwonsa.

Sai muka iso bakin gadar nan mai ruwan ɗorawa da ake rufe wa motoci ranar wasa. Sunanta gadar Roberto Clemente, mutum-mutuminsa kuma yana nan a ƙarshenta. A nan tsohon ya daina sauri.

An haifi Clemente a 1934 a garin Carolina na tsibirin Puerto Rico, mahaifinsa shugaban leburori ne a gonar rake. Ya fara buga wa Pirates a 1955, baƙar fata, harshensa Sifaniyanci, Turancinsa na koyo. In sun je atisaye a Florida ba ya kwana otal ɗaya da fararen abokan wasansa. 'Yan jarida sukan rubuta maganarsa yadda lafazinsa ya fito don masu karatu su yi dariya. In ya ce bayansa na ciwo, alhali ya taɓa haɗarin mota, sai a ce raki ne. Sannan suka datse masa suna, suka ce Bob. Shekaru masu yawa haka kamfanin katunan ya riƙa bugawa. Shi kuwa bai gaji da gyara musu ba: sunansa Roberto.

Ɗan'uwa, a nan na kasa haɗa ido da ɗana. Wannan mutumin ya fi ni abin da zai rasa, amma bai yi dariyar da na yi ba.

Kaka 18 ya yi a ƙungiyar. Gwanin duka sau huɗu, safar zinariya sau 12, gwarzon rukuninsu a 1966. A World Series ta 1971 shi aka zaɓa gwarzo, da aka miƙa masa makirufo a talabijin, ƙasa duka na kallo, sai ya fara da Sifaniyanci: ya sa wa 'ya'yansa albarka, ya roƙi iyayensa su sa masa tasu. Da tsohon ya zo nan sai da tsigar jikina ta tashi. Neman albarkar iyaye a ranar da ka fi kowa ɗaukaka, ai wannan mun san shi.

Ranar 30 ga Satumba 1972 ya yi duka mai kyau na 3,000 cif, adadin da ƙalilan ne ke kaiwa. Daga nan ƙidayar ta tsaya. A Disambar shekarar girgizar ƙasa ta rushe Managua, babban birnin Nikaraguwa. Ya tara kayan agaji ya aika, sai labari ya zo masa cewa jami'an gwamnatin Somoza na karkatar da su. Duk wanda ya taɓa tura kuɗin gini ko na marayu gida ya ji shiru, ya san irin wannan zafin. Ya ce to shi zai raka kayan da kansa. Daren 31 ga Disamba jirgin ya tashi daga Puerto Rico ya faɗa teku kusa da gaɓa. Yana da shekara 38. Abokin wasansa Manny Sanguillen, mutumin Panama, bai je taron makokin ba, yana can yana nutso a ruwa yana neman gawar. Ba a same ta ba.

Lambar rigarsa 21, ba wanda zai sake sa ta a Pirates, katangar gefen da yake tsaro kuma ƙafa 21 aka yi tsayinta. Ko a allon karramawarsa na zauren gwaraza da ke Cooperstown sai da aka juya masa jerin suna, sai a 2000 aka sake zuba shi daidai da al'adarsu, Roberto Clemente Walker, sunan uwa a ƙarshe. Ka ga ke nan har bayan ransa ana biyan bashin sunan.

Da muka zauna a ciki, Abba ya tambaya ko an taɓa samun ɗan Afirka. Tsohon ya ce ƙwarai, kuma a nan aka fara. Gift Ngoepe na Afirka ta Kudu, wanda ya girma a wani ɗaki na kulob ɗin besbol inda mahaifiyarsa ke aiki. Ya yi kusan shekara tara a ƙananan rukunai, sai ranar 26 ga Afrilu 2017 Pirates suka sa shi, dukansa na farko kuma ya ci. Bai daɗe a babban rukuni ba, ba kuma za a yi masa mutum-mutumi ba. Amma masu sharhi sai da suka zauna suka koyi furta Ngoepe.

Pirates sun sha kashi ranar, kamar yadda aka saba. A hanyar gida ban yi wa yaron wa'azi ba, ba ni da bakin yi. Ranar Litinin na je ofishin ma'aikata na ce a sake mini kati da cikakken sunana. Matar ta ce minti biyar ne. Minti biyar, ɗan'uwa, bayan duk waɗannan shekarun!

Shi kuwa Abba, har yanzu abokansa da guntun sunan suke kiransa, ban kuma hana ba. Sai dai da sabuwar kaka ta zo ya kawo takarda, na ga sunan mahaifina a rubuce, harafi bai ɓace ba. A wasansu na farko mai sanarwa ya yi tuntuɓe a kansa sau biyu. Yaron ya juya ya faɗa masa yadda ake furtawa, a hankali, gaɓa-gaɓa. Ni dai ina kan benci, har yau ban iya faɗin sunan da bakina, amma na ji shi sarai.