An Ba 'Yarki Bayoloji Maimakon Likitanci? Tsaya Ki Ji Nawa Labarin

Makon jiya ina bakin aiki a ɗakin yara, na gama ɗaura wa wani yaro ruwa ke nan, sai mahaifiyarsa ta riƙo hannuna ta ce, "Sista, ki taya ni jaje. 'Yata ta nemi likitanci, sun ba ta Bayoloji." Yarinyar tana zaune a gefen gado, ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta. Ina dubanta na tuna kaina a shekarar 2008. Shi ya sa yau nake so mu zanta da ke, musamman idan naki ɗan ko 'yar sunansa ya fito a kwas ɗin da ba shi kuka nema ba.

Tun ina firamare "Likita" ake ce da ni a gidanmu. Mu shida Umma ta haifa, biyu masu sikila. Ƙanena mai bi mini ya rasu yana ɗan shekara tara, bayan kwana huɗu yana kukan ciwon ƙashi. Tun daga ranar Umma ta ɗora burinta kacokan a kaina. Sau biyu ina zana JAMB makina bai kai na likitanci ba. A karo na biyu aka ba ni gurbi a sashen kimiyyar halittu, wato Bayoloji. Umma ba ta yi mini faɗa ba, shiru kawai ta yi, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Idan maƙwabta suka tambaye ta sai ta ce, "Tana jami'a, ɓangaren lafiya." Goggona kuwa da ta ji, cewa ta yi, "To, malamar makaranta za a yi ke nan."

Da wannan nauyin na shiga aji ɗaya. Ki sani, a shekarar farko ba Bayoloji kaɗai ake yi ba. Akwai Kemistiri, akwai Fiziks, akwai Lissafi, ga Ingilishi, kuma a babban ɗakin lakca ɗaya ake cusa ku da ɗaliban wasu sassa, wani ma a tsaye zai yi rubutu. Ni kuwa zuciyata ba ta wurin. Kullum lissafina shi ne in canza kwas a ƙarshen shekara, alhali ba a ba da wannan dama sai ga mai maki na sama sosai, gurabun kuma ba su taka kara sun karya ba. Mai raina abin da yake karantawa ina zai samu makin sama? Sakamako ya fito na faɗi Kemistiri, sai da na maimaita shi da ƙannena. Na yi biyu babu, ba canji, ba maki.

A aji biyu muka fara darasin gado, wato yadda 'ya'ya ke ɗauko kamanni da halittar jiki daga iyaye. Malaminmu wani dattijo ne mai sanyin murya. Ya fara mana da Gregor Mendel, malamin majami'a a Turai wanda ya shafe shekaru yana auratayya tsakanin irin wake a lambu, ya wallafa abin da ya gano a 1866. Ina ta hamma. Can sai malam ya goge allo, ya zana akwati mai gida huɗu, ya rubuta AS a sama, ya rubuta AS a gefe. Ya ce kowane yaro harafi ɗaya yake karɓa daga uwa, ɗaya daga uba. Ya cike gidajen: AA, AS, AS, SS. Ya ce duk cikin da aka samu tsakanin waɗannan iyaye, akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila, kuma kowane ciki lissafinsa sabo ne, wanda ya gabata ba ya rage wa na gaba komai. Ya bayyana mana cewa lafiyayyar ƙwayar jini tana yin kimanin kwana 120 a jiki, ta mai sikila kuwa cikin kwana 10 zuwa 20 take mutuwa, ga ta a lanƙwashe kamar lauje tana toshe ƙananan hanyoyin jini. Abin da ya sa ƙanena kuka ke nan. Ya ƙara da cewa mai AS yana da ɗan kariya daga zazzabin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashenmu.

Na daina rubutu, hannuna yana rawa. Shekara da shekaru dangin Baba suna cewa ciwon nan daga gidan su Umma ya fito, "jininsu ne ba kyau." Har a zaman makokin ƙanena sai da wata ta faɗa a gabanta. Umma kuma ta yarda, ta haɗiye.

Da na koma hutu na same ta a tsakar gida tana tsince shinkafa. Na yago takarda daga littafina na zana mata akwatin nan. Na ce, "Umma, ku duba. Wannan harafin naku ne, wannan na Baba. Idan ku kaɗai kuke ɗauke da shi, babu ɗan da zai zo da ciwon. Sai an haɗu biyu. Kuma ba ku kuka zaɓa ba, ba Baba ya zaɓa ba, haka Allah ya halicce ku." Ta ajiye faifan, ta ce in sake maimaitawa. Na maimaita har sau uku. Sai ta ce, "Ashe ba ni kaɗai ba ce." Ta ninke takardar ta ƙulle a bakin zaninta, ta shige ɗaki. Ranar ba ta ƙarasa tsintar shinkafar ba, ni na ƙarasa.

Daga nan na riƙi karatun da hannu biyu. Na fara jin daɗin ɗakin gwaji: ɓawon albasa a ƙarƙashin maikuroskof, ɗakuna a jere kamar tubalin gini, ɗigon ruwan kududdufi cike da halittu suna ta iyo, waɗanda ido bai taɓa gani ba. Mun feɗe ƙwaɗo da ɓera, mun bi daji muna tattara ganyaye muna dannewa a cikin tsoffin jaridu, mun haddace sunayen Latin har harshe ya saba. A aji huɗu kowane ɗalibi yana yin bincikensa na kammalawa. Nawa a kan tsargiya na yi, a wani ƙauye da ke bakin madatsar ruwa. Da izinin iyaye da mai gari muka karɓi fitsarin yaran firamare, na ga ƙwan tsutsar da idona, kowanne da 'yar ƙaya a ƙarshensa. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga jikin katantanwa, daga nan tsutsar ta fito ta huda fatar wani yaron da ya zo wanka. Wasu iyayen sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce ga ɗa namiji, ba su san ciwo ne mai magani a asibiti ba.

To amma ba zan rufe ki ba, domin wannan ɓangaren ma haƙƙinki ne ki sani. Digirin Bayoloji shekara huɗu ne idan yajin aiki bai ratsa ba, kuma ba ya zuwa da lasisin aikin asibiti. Wanda ya karanta shi ba likita ba ne, ba nas ba ne, kuma hukumar masu gwaje-gwajen asibiti ba ta yi masa rajistar da take yi wa waɗanda suka karanta wancan fannin na shekara biyar. Da yawa daga cikinmu ba mu san haka ba sai bayan bautar ƙasa. Ni kaina na yi koyarwa a wata makarantar kuɗi da albashin da ba ya kai ni tsakiyar wata, maganar Goggo ta tabbata na ɗan lokaci. Daga baya na shiga makarantar koyon aikin jinya na yi shekara uku. A can na ga amfanin abin da na baro: darussan da ke sa 'yan ajinmu kwana ido biyu, ni bita nake yi. Cikin waɗanda muka gama digiri tare, akwai wadda ta ƙara difiloma ta koyarwa tana shugabantar makaranta yanzu, akwai wanda ya yi digiri na biyu a kan ƙwayoyin cuta ya zama malamin jami'a, akwai mai aikin duba ingancin ruwan sha, akwai mai gidan gonar kifi. Akwai kuma waɗanda takardar tana cikin akwati har yau, galibi waɗanda suka yi shekara huɗu suna jiran canjin da bai zo ba.

Saboda haka idan gurbin nan ya zo gidanki, ki zaunar da yarinyar ki tambaye ta abin da take so, ba abin da aka saba kiranta da shi ba. Idan likitancin ne a ranta kuma makinta ya kusa, babu laifi ta sake zana JAMB, amma ku sa wa abin iyaka, kada shekaru su tafi a jira. Idan za ta karɓi Bayoloji, ta shiga da niyyar cin maki tun zangon farko, ku kuma fara tunanin abin da za ta ɗora a kai tun tana aji biyu. Sannan ki kula da bakinki a gabanta. Kalmar "jaje" da uwa ta furta tana iya bin yarinya har ɗakin jarrabawa.

Yau ana ta wayar da kai a kan gwajin jini kafin aure, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. A danginmu kuwa tun kafin nan Umma ce mai tsayawa a kai. Duk wanda ya kawo maganar aure sai ta ce a je a yi gwaji tukuna, in aka yi gardama ta ɗauko takardar nan, wadda ta yi laushi ta canza launi, ta zana musu gida huɗu da yatsa.

Yarinyar nan ta asibiti, kafin a sallami ƙanenta na ja ta gefe na tambaye ta ko za ta je ta yi rajista. Ta saci kallon mahaifiyarta, sannan ta ce tana so. Mahaifiyar ta yi jim, ta ce, "To, Allah ya sa albarka." Na ce amin. Ke fa, wane kwas aka ba naki, kuma me kika ce da shi ranar da sunan ya fito?