Matar da ke Jikin Kalanda

A shagon wani tsohon tela a Ƙauran Namoda akwai kalandar da shekararta ta daɗe da wucewa, amma bai taɓa sauke ta ba. Hoton wata 'yar wasan Indiya ne: fara sol, hanci har baka, gashi har gadon baya. A ƙarƙashinta ya shekara arba'in yana ɗinka kayan amaren Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, kuma awonsa bai taɓa zagaye ƙugu irin nata ba.

Ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan mace ƙera ta ake yi. A Amurka, Alberto Vargas ya fara zana wa mujallar Esquire 'yan mata a 1940, Gil Elvgren kuma ya shahara da kalandun kamfanin Brown & Bigelow. Elvgren yakan ɗauki hoton mace ta gaske, sannan ya kama buroshi ya ƙara mata tsawon ƙafa, ya matse ƙugu. Hotunan da zane-zanen duk suna nan. In aka jera su, sai a ga wadda ta zauna aka zana ba ta kai zanen kanta ba.

Kunya ta hana wancan tsiraici zama a bangon Bahaushe, amma ƙirar ta shigo ta wata ƙofa: finafinan Indiya tun shekarun 1950, kalandunsu, sannan bangon littattafan soyayya na Kano daga ƙarshen shekarun 1980. Da can kyau yana da ƙofofi da yawa: wushirya, dogon wuya, wankan tarwaɗa, baƙar fata mai sheƙi. Kirarin farar mace alkyabbar mata yana nan, amma ɗaya ne cikin da yawa. Hoto ne ya tara su ya bar fuska guda.

Bana jikarsa ta zo awon kayan aurenta. Da ta miƙa hannu, sai ya ga fatar ta yi fari fat, gaɓoɓin yatsu kuwa baƙi ƙirin: aikin man bilicin.

Ya ce, cikin wasan kaka da jika, “Amaryata, wa ya ce miki baƙinki aibi ne?”

Ta ɗaga kai ta dubi bango.

“Kaka, ai ita ka rataye. Ban taɓa ganin hoton Inna a nan ba.”

Ya daɗe riƙe da awon bai rubuta komai ba.