Littafin Dawakina da Kuɗin Adashen Umma

A ƙasan akwatina akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango, duk gefensa ya sha maiƙo. Wanda ya buɗe shi zai zaci aikin aji ne, don lambobi ne jere reras tun daga shafin farko. Amma lambobin na dawaki ne, dawakin da ban taɓa gani ido da ido ba, masu gudu a ƙasar da ban taɓa takawa ba. Labarin wannan littafi nake so in ba ku, ƙannena 'yan sakandare, domin ya ci mini naira 25,000, kuma ko kwabo a ciki ba gumina ba ne.

Na taso a gidan da ake kiwon doki. Kawuna yana da guda biyu, akawal da kili, waɗanda yake hawan Sallah da su. Tun ina firamare ni ke zuba musu harawa da dusa, ni ke jiƙa kanwa, ni ke riƙe linzami idan za a ɗaura sirdi. Saboda haka na shiga jami'a da tabbacin cewa in dai maganar doki ce, babu wanda zai koya mini komai.

A shekarata ta biyu a sashen ƙididdiga, cikin hunturu, na lura abokin ɗakina yana ƙura wa wayarsa ido kullum bayan sallar isha'i, yana ɗan tsalle a kan katifa. Da na leƙa sai na ga sukuwa ce ake yi da dare, fitilu sun haske fili kamar rana. Ya ce mini a Wolverhampton ne. Ni a ƙwallo kawai na san wannan suna, ban san suna da filin sukuwa ba. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne, watan Disamba ne, 'yan kallo duk sun duƙunƙune cikin rigunan sanyi, amma dawaki na ta zuba gudu a kan wata ƙasa mai kama da rairayi.

Daga baya na gano dalili. A Ingila asalin sukuwa a kan ciyawa ake yin ta, to amma idan sanyi ya kankama ƙasa takan daskare, ko ruwa ya kwanta a fili, dole a soke tsere. Shi ya sa suka ƙirƙiro filin da za a iya gudu a kansa ko wane irin yanayi ake ciki. Rairayi ne ake cakuɗawa da zare-zare da ɓarɓashin roba, a haɗe su da wani maiƙo mai kama da kakin zuma, ruwa ya riƙa tsiyayewa ta ƙasa. A Lingfield aka fara tsere a irin wannan fili a 1989. A lokacin guda shida ne a Ingila: Lingfield, Southwell, Wolverhampton, Kempton, Chelmsford da Newcastle. Wasu da shimfiɗar da ake kira Polytrack suke aiki, wasu da Tapeta. Da yake a lokacin sanyi agogonmu yana gaban nasu da awa ɗaya, tserensu na yamma yakan faɗo daidai lokacin da muka dawo daga masallaci.

Daren farko na bugi ƙirji na ce wa abokina ya bar ni in zaɓa masa. Na duba dawakin suna zagaye kafin a fara, na nuna wani ingarma mai faɗin ƙirji da sheƙin gashi, irin wanda Kawu zai sayar da gona ya saya. Na bakwai ya zo. Na sake zaɓa, wannan kuma ya zo na ƙarshe. 'Yan ɗakin suka yi ta dariya, wani ya ce ashe ilimina na dawakin ado ne. Wannan dariya ce ta sa washegari na sayi littafin nan.

Sai na zauna na koyi karanta takardar tsere kamar mai shirin jarrabawa. A gefen sunan kowane doki akwai jerin lambobi, misali 3-5-2-1. Matsayin da ya zo ne a tserensa na baya-bayan nan, ana karantawa daga hagu, na dama shi ne na ƙarshe da ya yi. Idan ka ga sifili, to bai shiga cikin tara na farko ba. Harafin C yana nufin ya taɓa cin tsere a wannan fili, harafin D kuma ya taɓa ci a wannan nisa. Nisan da falon suke auna shi, falon ɗaya mita 201 ne, takwas su ba da mil ɗaya. Gajeren tsere mai falon biyar kusan minti ɗaya ne kacal, kafin ka gyara zama an gama.

Na koyi cewa filayen ba ɗaya ba ne. A Kempton dama ake juyawa, a Wolverhampton da Lingfield hagu. Newcastle tana da miƙaƙƙiyar hanya ta mil guda babu kwana ko ɗaya. A fili mai kwana da yawa, dokin da ƙuri'a ta ba shi ƙofar tashi ta ciki, kusa da shinge, hanyarsa ta fi gajarta, na waje kuwa sai ya yi zagaye. Akwai kuma dokin da ba ya son rairayin da kofaton na gaba ke watso masa a fuska, da zarar ya tsinci kansa a baya sai ya saki jiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne maganar nauyi. A yawancin tseren nan hukumar sukuwa tana ba kowane doki maki gwargwadon ƙwazonsa, wanda ya fi maki shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi. Idan mahayi bai kai nauyin ba, sai a cusa ɓallin dalma a aljihun ƙyallen da ke ƙarƙashin sirdi. Doki ya ci yau, a ƙara masa maki, gobe ya ɗauki ƙarin kaya. Mahayin da yake koyo kuma ana rage wa dokinsa laba bakwai, ko biyar, ko uku. Manufar duk wannan ita ce a daidaita dawakin, ta yadda in da hali duk za su iso layi tare. Na rubuta wannan a littafina har na ja masa layi biyu, amma ban tsaya na tambayi kaina ba: tseren da aka shirya musamman don kada a san mai ci, ta yaya ni daga ɗakin kwanan ɗalibai zan san shi?

Mako uku ina zaɓe a takarda kawai, ban sa ko sisi ba. Kullum in rubuta dokina kafin a tashi, in aka gama in sa masa maki ko in ja masa gicciye. Sai ga shi ina dacewa. Wani dare na faɗi masu ci uku a jere, ɗakin ya kaure da ihu. Masu yi mini dariya suka koma kirana Sarkin Dawaki, har daga wasu ɗakuna ake zuwa tambayata. Abokina ya ce, "Kai wallahi asara kake yi. Ilimi kamar wannan, kana zuba shi a takarda?"

Na san caca haramun ce, tun a Islamiyya aka karantar da mu. Sai na yi wa kaina dabara, na sake mata suna. Na ce mai caca shi ne wanda ya rufe ido ya jefa kuɗi, ni kuwa nazari nake yi, ina da littafi, ina da hujja. Da wannan magana na lallashi zuciyata har ta yi shiru.

A makon ne Umma ta ɗauki adashenta, ta turo mini naira 25,000 na abinci da takardun karatu. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida tun asuba, na kuma san adadin safiyoyin da ke cikin kuɗin nan. Duk da haka na buɗe asusu a wata manhajar caca, na ce 2,000 kawai zan gwada. Dokin ya ci, kuɗi suka dawo 5,000. Da ma a ce faɗuwa na yi a ranar.

Dare na biyu na sa 5,000 a kan wani doki da komai nasa ya yi daidai: ya taɓa ci a filin, ya taɓa ci a nisan, ƙofarsa ta biyu. Da aka buɗe ƙofofi sai ya yi nawar fita, sauran suka rufe shi a jikin shinge, bai sami hanya ba har aka gama. Na ce tsautsayi ne, na ninka a tsere na gaba don in mayar da abin da ya tafi. Wannan ma ya tafi. Dare na uku na tattara duk abin da ya rage, 13,000, na ɗora a kan dokin da kowa ya yarda shi ne gwanin tseren. Ya jagoranci gudu tun daga farko. Ina tsaye a kan katifa, na riga na fara lissafin abin da zan saya, sai wata goɗiya da ban ko rubuta sunanta ba ta taso daga waje. Tare suka tsallake layi, sai da aka duba hoto. Da tsawon hanci ta riga shi.

Ban yi barci ba. Wajen ƙarfe biyu na ɗauko littafin, na yi lissafin da ya kamata ɗalibin ƙididdiga ya yi tun ranar farko. Ga shi, ku ma ku bi shi da biro.

A sukuwar Birtaniya, dokin da aka fi sa ran zai ci yana cin kusan tsere ɗaya ne cikin uku. Wato wanda ya fi kowa dama ma, faɗuwarsa ta ninka cinsa. A ce kana sa naira 1,000 a kan irinsa, in ya ci a ba ka 2,500. Tsere uku ka kashe 3,000, ka karɓi 2,500. Ka iya zaɓe, an yi maka tafi, amma aljihunka ya ragu da 500. Da na koma kan makonni ukun da nake taƙama da su na sa wa kowane zaɓi farashinsa, sai na tarar ko a lokacin da ake kirana Sarkin Dawaki, da kuɗi nake sawa da asara zan tashi. Cin nake tunawa, giccen kuwa ina tsallake su da ido.

Sannan ga yadda kamfanin yake cin nasa. Ɗauki dawaki biyu masu ƙarfi ɗaya. Adalci shi ne wanda ya sa 100 ya ci a ba shi 200. Kamfani sai ya ce 190 zai bayar. Ni na sa 100 a kan wannan, kai ka sa 100 a kan wancan, ya karɓi 200, ya biya 190, ya soke 10 a aljihu ko wane doki ya ci. Haka yake yi a kowane tsere, kowane dare. Kuma duk abin da na wahala na koya, lambobin baya da ƙofar tashi da nauyi, masu sa farashi sun riga ni sani, sun kuma zuba shi cikin farashin tun kafin in buɗe waya. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina shan gari da ƙuli, ina aron takardun wasu ina kwafa da hannu. Yunwar ba ta dame ni kamar wayar Umma ba. Duk ranar Juma'a takan kira, ta ce, "Babana, kuɗin sun isa dai ko?" Juma'ar farko na ce sun isa. Ta biyu na kasa. Na ce, "Umma, ki gafarce ni, na yi abin kunya," na kwashe komai na faɗa mata. Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can ta ce, "To ka ci abinci yau?" Na ce a'a. Ta ce in je wurin mai shagon bakin ƙofa in karɓi taliya bashi, za ta san yadda za ta yi. Ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba. Na fi son a ce ta zage ni.

Da na je hutu Kawu ya sa na kawo masa littafin. Ya juya shafukan a hankali, ya ce in karanta masa abin da na rubuta a kan dokin daren ƙarshe. Na karanta. Ya ce, "Duk wannan gaskiya ne. To a ina ka rubuta ko ya ci abincinsa da safe? A ina ka rubuta ko ya kwana da ciwon ciki?" Na ce babu. Ya nuna akawal da haɓa ya ce shekara tara yana tare da shi, amma har yau ba zai rantse a kan abin da zai yi gobe ba.

Na san da yawa a cikinku ba dawaki ne a wayarku ba, ƙwallo ce. Akwai wanda ya haddace 'yan wasan Firimiya kaf, ya san wanda ya ji rauni da wanda aka ba jan kati, abokai suna ce masa ilimin nan bai kamata ya tafi a banza ba. Lissafin ɗaya ne da nawa. In kana ganin ka iya hasashe, sayi littafi, ka rubuta zaɓinka kafin wasa, ka rubuta farashin da kamfani ya sa, ka yi wata guda ba ka sa ko kwabo ba, sannan ka tara ka debe da gaskiya, har da ranakun da ka faɗi. Kuɗin littafin kawai za ka kashe.

Na goge manhajar tun a daren hoton nan, na kuma tuba ga Allah. A hutun na yi aikin koyar da yara lissafi a unguwarmu, na tara 25,000 na kai wa Umma a cikin ambulan. Ta ƙirga, ta zare 5,000 ta miƙo mini, ta ce in sayi takardun zango mai zuwa, sauran ta ɗaure a bakin zaninta.